Masu Jar Riga a Lambun Inna

Asabar, bayan la'asar

Yaya ya zo ya tafi. Ko zaman kirki bai yi ba, a bakin kujera ya ɗosana, makullin babbar motarsa na hannunsa yana kaɗawa. Ya gaida Inna, uwar mijina, ya yi mata jaje, sannan ya ja ni tsakar gida ya ce in haɗa kayana. Wai tunda an tafi da maigidan kuma ba a san ranar sakinsa ba, ba zai bar ƙanwarsa a gidan da babu namiji ba, daga ni sai tsohuwar da idonta ya yi rauni.

Ban san daga inda maganar ta fito ba, sai dai na ji bakina ya ce, "Yaya, ka bari tumatirin nan ya nuna tukuna."

Ya bi ni da kallo har lambun bayan ɗaki. Maigidan ne ya dasa tumatirin da hannunsa kafin abin ya faru, yanzu 'ya'yan ba su wuce kan babban yatsa ba. Yaya ya ɗaga ganye ɗaya ya yi tsaki, ya ce kafin wannan ya nuna ƙwari sun gama da shi. Ya fita, can sai ga shi da kwalbar maganin feshi, ya dire ta a taga.

"Na ji," in ji shi. "Ki yi masa feshi. Amma ko ya nuna ko ya mutu, duk wanda na tarar ranar da na dawo, mota za ki shiga."

Na ce to. Me zan ce?

Lahadi, da hantsi

Inna ta ɗauki kwalbar, ta kai ta kusa da hanci, ta mayar inda take. Ta ce, "Wannan ba ya tambayar sunan kowa, 'yar nan. Mai laifi da marar laifi duk ɗaya ne a wurinsa." Daga faɗin haka sai ta yi saurin cewa in ɗauko mata 'yar kujerarta.

Ban taɓa tsayawa na kalli matar nan a lambu ba sai yau. Idonta ba ya raba zare da allura, amma yatsunta sun san kowane ganye. Ta shafa bayan ganyen ta ce in duba. Wasu ƙananan ƙwari ne kore, sun manne cunkus suna tsotse ruwan ganyen har ya nannaɗe. Kwarkwatar ganye take ce musu.

A lungun katanga akwai wake tushe ɗaya, ya fi kowace shuka ƙwari, har danƙo yake yi. Na kai hannu zan tuge shi ta riƙe ni. Wai da gangan ta shuka shi, rabon baƙi ne, su taru a can su rage wa tumatir nauyi. Kuma inda suka taru, nan masu jar riga ke zuwa cin abinci.

Na ce, "Inna, su wa ke nan? 'Yan kwana-kwana?"

Ta yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariya a gidan nan tun ranar da aka buga mana ƙofa. Ashe wani ɗan ƙwaro take nufi, ja mai ɗigon baƙi, shi ke cinye kwarkwatar. Ta ce in aka yi feshi shi ne zai fara mutuwa, in aka ƙyale shi zai zo da iyalinsa. Na tambaye ta yaushe. Ta ce ba ya aiko da goron gayyata, ganinsa kawai ake yi.

Talata, da rana

Lauya ya ce mako mai zuwa.

Laraba, da yamma

Mun jiƙa ganyen darbejiya tun jiya. Yau Inna ta sa na daka tafarnuwa da barkono, a zuba a ruwan, a kankara sabulu kaɗan don ya kama ganye. Ban kai ko'ina da dakan ba zuciyata ta tashi, na ruga bayan gida. Da na dawo na tarar ta karɓi taɓaryar. Ba ta tambaye ni komai ba, cewa kawai ta yi daga yau nawa aikin ban ruwa ne.

Da tsintsiya take yayyafawa, daga ƙasan ganye zuwa sama, kuma sai rana ta yi sanyi, wai kada a sami ƙudan zuma a bakin aiki. Ta barbaɗa toka a gindin kowace shuka. Waken lungu kuwa ko ɗigo ba ta ba shi ba.

Akwai wani ƙaton kwaɗo a ƙarƙashin fasasshiyar tukunya kusa da famfo. Maigadi take ce masa. Kullum sai ta zuba masa ruwa a kasko ta ce, "Maigadi, an kwana ana aiki ko an kwana ana barci?" Shi kuwa ya kumbura wuya ya yi mata banza. Wallahi matar nan ko ministan ƙwari aka ba ta za ta riƙe.

Alhamis, lokacin abincin rana, a shago

Ina shiga shagon ɗinkinmu kekuna suka ɗauke, kamar an kashe wuta. Sannan kowa ya hau yi min sannu da ƙarfi. Mai shago ta ce in ina so in huta a gida ba komai. Na ce hannuna lafiya lau yake. Na ɗinke hannun riga a baibai sau biyu.

Ina warwarewa ina tunanin ko masu jar riga sun zo.

Juma'a, da safe

Ba su zo ba. Kwalbar tana nan a taga.

Litinin, bayan azahar

Ranar ziyara. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, saboda haka muke yin karɓa-karɓa, yau ta Inna ce. Na raka ta bakin titi ta hau mota, riƙe da ledar wankakkun kayansa.

Gidan ya yi min faɗi. Na share abin da ba ya buƙatar shara, sannan na shiga lambu. Me zan gani? Wasu sababbin abubuwa sun bayyana a ganye, baƙaƙe, dogaye, masu ƙaya-ƙaya da ɗigon ruwan lemo a baya, munana kamar 'ya'yan kada. Suna ta yawo a tsakiyar kwarkwatar. Na ce lallai, bayan waɗancan har da ku? Raina dama a cike yake, sai na samu inda zan sauke shi. Na ɗauko gwangwanin madara na zuba ruwan sabulu, na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Har waken lungu ban bari ba, nan ma suka fi yawa. Inna ta ce a bar wa kwarkwata, ai ba ta ce a bar wa 'ya'yan kada ba.

Da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba na kai mata gwangwanin ina jin kaina. Ta kai shi dab da ido, ta juya shi wajen haske, ta daɗe. Ta ce in faɗa mata kamanninsu, na faɗa.

"Duka kika kwashe?"

"Duka, Inna. Ko ɗaya ban bari ba."

Ta ajiye gwangwanin a hankali ta ce, "Sannu da aiki, 'yar nan." Har ta kai ƙofar ɗaki ta juyo. "Amma waken nan, ko me kika gani a kansa, kada ki ƙara taɓa shi."

Na tambaye ta yaya ta same shi. Ta ce yaron nan yana gaishe ni. Idonta ya yi ja, na san ba daɗi can ɗin.

Talata, da rana

Lauya ya ce an ɗaga, mako mai zuwa.

Juma'a, kafin magariba

Kwarkwata ta yi yawan da ban taɓa gani ba. Kan tumatir duk ya ƙanƙance, furanni na zuba ƙasa. Yaya ya kira daga hanya, gaisuwarsa ta biyu ita ce, "Ya lambu?" Na ce lafiya lau. Ina ajiye waya na je taga na ɗauko kwalbar.

Ban san Inna tana bayana ba. Ta ce, "Ajiye."

Na ce, "Inna, mutuwa zai yi. In ya mutu Yaya zai tafi da ni. Kuma shi ya dasa, da wane baki zan ce masa ya mutu a hannuna?"

"Na sani. Amma mai juna biyu ba ta buɗe wannan kwalbar a gidana."

Ban faɗa wa kowa ba, ko a nan ban rubuta ba, ko shi maigidan bai sani ba. Ta ce tun ranar tafarnuwa ta gane, wai idonta ne ya tsufa, ba ita ba. Na zauna a dandamalin famfo na yi kukan da na daɗe ina bin kaina bashinsa. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta zauna kusa da ni tana yi wa Maigadi faɗa, wai ya ƙura mana ido kamar bai taɓa ganin mata ba.

Ta ce in ba ta kwanaki.

Laraba, da safe

Ikon Allah, tumatir yana farfaɗowa. Na duba bayan ganye, kwarkwatar ta ragu ƙwarai, sai ɗan kore-kore kamar an goge. Sabon toho ya fito a miƙe. Na ce wa Inna darbejiyarta ta yi aiki. Ta ce, "Uhm, darbejiya ai ba ta wasa."

Kwana biyun nan tana yawan gyangyaɗi da rana, kuma da ƙyar take miƙewa daga tabarma. Na shafa mata man zafi a gwiwa. Damuwar ɗanta ce, ba ta faɗa ne kawai.

Litinin, da yamma

Yau ni na je. Ba zan rubuta yadda wurin yake ba. An yi masa aski. Rigar da na ɗinka masa ta yi masa yawa.

Ya tambayi tumatirinsa kafin ya tambayi komai, na ce sun kai ƙwan kaza. Na ba shi labarin Maigadi, ya yi murmushi. Sai da aka ce lokaci ya yi na faɗa masa ɗaya maganar. Ya dafa teburin da hannu biyu, bakinsa na motsi, aka taɓa kafaɗarsa ya tashi.

Talata, da rana

Mako mai zuwa.

Alhamis, da hantsi

Akwai wani abu manne a ganyen waken lungu, na kwana biyu ina lura da shi. Kamar ɗaya daga cikin munanan nan ne da ya tsere min, amma ya dunƙule ya daina motsi. Hannuna har ƙaiƙayi yake, sai dai Inna ta hana.

Yau ina ban ruwa na ga bayansa ya tsage. Na tsuguna. Wani ɗan ƙwaro ya fito a hankali, mulmulalle, rawaya, jikinsa da laushi. Na bar bokiti na zauna a ƙasa, har na makara zuwa shago. Da na dawo da rana yana nan kusa da ɓawonsa. Ya zama ja, da ɗigon baƙi.

Na daɗe a tsugune. 'Ya'yansu ne. Ashe sun zo tuntuni, sun yi ƙwai, sun ƙyanƙyashe, suna tsakiyar aiki na bi su da tsinke. Cike da gwangwani. Kuma na kai mata ina jiran yabo.

To in haka ne, wa ya cinye kwarkwatar tumatir?

Juma'a, bayan asuba

Yau ban koma barci ba bayan salla, na leƙa ta taga. Gari ya fara haske kaɗan. Inna na kan 'yar kujerarta a tsakanin shukoki, ta kama ganye ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni tana murzawa a hankali, ta saki, ta kama na gaba. Ganye bayan ganye, shuka bayan shuka. In ta gama layi sai ta dafa sanda ta ja kujerar gaba, tana cije leɓe saboda gwiwa.

Na fita. Na kama hannunta na duba, yatsun sun rine kore da baƙi, fatar har ta tsattsage. Ni kuwa ina ganin hannun nan kullum, na ɗauka darbejiya ce.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa miki me?"

"Cewa 'ya'yansu na kashe."

Ta zare hannunta ta ci gaba da murza. "Tun da abin ya faru ban ga fuskarki da haske ba sai da kika kawo min gwangwanin nan. In kashe miki shi? Ma'aikata ne suka tafi hutu, na riƙe musu aiki kafin su dawo. Ba wani abu ba ne."

Ba wani abu ba ne, in ji ta. Matar da ke dawowa daga ganin ɗanta a wancan wuri, ta tarar an kashe mata abin da ta yi makonni tana jira, ta ce sannu da aiki. Ni da na tashi a hannun uwa mai faɗa kamar ta ari baki, ban san ana yin mutane irin wannan ba. Ina son matar nan. Ban taɓa tsammanin zan rubuta haka game da uwar miji ba, amma ga shi na rubuta.

Na ɗauko tabarma na zauna a ɗaya layin. Ta ce kada in matsa da ƙarfi, ganye ma yana jin zafi.

Lahadi, da safe

Na ga wasu ƙananan ƙwai rawaya a jere a bayan ganyen wake. Na ɗora hannuwana biyu a ka don kada in taɓa, na kira Inna. Ta ce, "Madalla, an fara hankali. Nasu ne."

Talata, da rana

Lauya bai ɗauki waya ba. Kwalbar tana nan a taga, ta yi ƙura.

Asabar, bayan la'asar

Ɗaya ya fara ja, a can ƙasa kusa da katanga. Maimakon murna gabana ne ya faɗi. Duk wahalar nan da muka sha don kada ya mutu, na manta cewa nunarsa ma mota ce. Na jawo ganye na rufe shi, kamar Yaya zai hango daga inda yake.

Inna ba ta gan shi ba, amma da ta zo wucewa ta tsaya ta ce, "Ina jin ƙanshin nunanne."

Litinin, da yamma

Ta tsinke shi da kanta, ta raba biyu, muka ci da gishiri a tsaye. Na biyun da ya nuna ta sa a ledar kayansa, ta ce in an hana shiga da shi za ta cinye a gabansu. An bari.

Kafin in cinye rabona na matse 'ya'yan cikin a kan takarda na shanya a taga, kusa da kwalbar. Ban san dalili ba. Ko kuma na sani.

Alhamis, da hantsi

Na dawo ɗaukar almakashi na tarar da jakata a kan gado, an ninke kayana tsaf an jera. Inna na zaune a gefe.

"Ki ji ni da kyau, 'yar nan," in ji ta. "Ban murje ƙwarin nan don in ɗaure ki ba. Yayanki yana da gaskiya. Can akwai masu kula da ke, ga asibiti kusa. Yaron nan ba mu san rana ba. In ya zo ki bi shi, babu mai ganin laifinki, ni ce shaida."

Na ce to. Ta fita da sauri wai ta bar tukunya a wuta, alhali ban ga hayaƙi ba.

Da yamma na fasa gindin gwangwanin madarar nan da ƙusa, na cika shi da ƙasa.

Talata, da rana

Mako mai zuwa. Na ce wa lauya Allah ya kai mu, har ya yi mamakin muryata.

Asabar, bayan azahar

Yaya ya zo. Lambu ya yi ja ta ko'ina, babu abin ɓoyewa. Masu jar riga suna ta hawa da sauka a kan wake, munanan 'ya'yansu na biye. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "To, alhamdu lillahi, ya nuna. Ina jakar?"

Inna ta ce tana kan gado, ta juya fuska wajen katanga.

Na je bayan famfo na ɗauko gwangwanin na miƙa masa. Tsirrai ne ƙanana, kowanne da ganye biyu, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba.

"Yaya, waɗannan ba su nuna ba."

Ya dubi gwangwanin, ya dube ni. "Ke, wasa kike da ni? Wa ya shuka wannan?"

"Ni. Ba wanda ya sa ni, Inna ma yanzu take ji." Na ƙara da cewa, "Ba tumatir ne ya riƙe ni ba, Yaya. Nan ne gidana. In ya dawo a nan zai same ni, in ya daɗe a nan zan haihu. Ka yafe min."

Sannan ya ga yatsuna, ya kama ya juya su, ya dubi na Inna. Ya ce, "Ku biyun nan ko rini kuka buɗe?" Ya share ido da bayan hannu wai barkonon lambun ne. Ya durƙusa gaban Inna ya ce amana ce ya bar mata. Ta ce ai ba ta san wa aka bar wa wa ba.

Mun cika masa kwando. Da zai fita ya ɗauki kwalbarsa daga taga, ko murfin ba a taɓa ba, ya ce zai mayar wa mai shago, tunda gidan nan ƙwari ma ma'aikata ne.

Lahadi, bayan asuba

Inna ba ta fito lambu ba. Na leƙa ɗakinta, ta koma barci a kan sallaya, carbi a hannu, har da ɗan minshari. Tun ranar gwangwani ba ta yi barcin safe ba.

Na ja mata ƙofa a hankali, na ɗauki 'yar kujerarta, na fara daga layin farko.